Yadda zaki lissafa kwanakin ɗaukar ciki, da abin da maigida ya kamata ya sani a kan nashi jikin

Kwanakin baya ƙanwar mijina ta zo gidana da yamma, bayan mun gaisa sai ta jawo wata baƙar leda ta fara fiddo kaya tana jerawa a kan tabarma, garin saiwa ƙulli uku, zuma a gorar ruwa, wani tsimi baƙi ƙirin, sai kwalin maganin haihuwa da wani mai kemis ya bata ba ko takardar likita. Shekara 2 da wata 4 da aure shiru, dangin mijinta har sun fara ƙananan maganganu, ita kuma duk wanda yace sha kaza sai ta sha. Nace mata ke yaushe al'adarki ta ƙarshe ta fara? Ko tunani bata yi ba tace Anti ranar Talata ne bayan azahar, ranar na ajiye sallah. Nace to madalla, a wace rana ƙwanki yake fita? Sai tayi shiru tana kallona, can tace ai ita ta ɗauka daren da mace tayi wankan tsarki shine daren ɗaukar ciki, in ya wuce sai wani watan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yarinyar nan ta gama sakandare, kuma nasan ba ita kaɗai bace.

Mu matan Hausawa akwai abin da muka riga muka iya tun muna Islamiyya, wato ƙirga kwanakin haila da na tsarki saboda sallah da azumi. Kenan rabin aikin an gama shi. Abin da ya rage shine ki san me yake faruwa a cikin cikinki a kwanakin nan da kike ƙirgawa, shi kuma maigida ya san me yake faruwa a nashi jikin, don ciki ba mutum ɗaya yake kawo shi ba.

Bari mu fara da jikinki 'yar uwa. A can ƙasan mara kina da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne girmansa bai wuce dabino ba. Duk ƙwan da zaki saki a rayuwarki da shi aka haife ki, jaririya tana zuwa duniya da ƙwai wajen miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun ragu zuwa kamar dubu 300 zuwa 400, kuma a cikinsu wanda zai nuna ya fito bai wuce 400 zuwa 500 ba har al'ada ta ɗauke. Shi yasa shekaru suke da tasiri a haihuwar mace, ba a ƙera sabo, kuma daga shekara 35 raguwar takan ƙara sauri. Ƙwan kansa ɗan mitsitsi ne kamar ɗigon da bakin allura zai yi a takarda, sai a 1827 ma wani masani mai suna Karl Ernst von Baer ya fara gano ƙwan dabbobi masu shayarwa.

Kusa da kowane gidan ƙwai akwai bututu siriri mai tsawon santimita 10 zuwa 12, bai kai tsawon biro ba, bakinsa yana da wasu abubuwa kamar yatsu da suke sharo ƙwan idan ya fito. Ki riƙe bututun nan da kyau domin a cikinsa ne ƙwai yake haɗuwa da ƙwayar maniyyi, ba a mahaifa ba kamar yadda yawancinmu muke zato. Bututun biyu su suke shiga mahaifa ta sama. Ita mahaifa tsoka ce mai ƙarfi, in ba ciki girmanta kamar dunƙulen hannunki, ƙasanta ya tsuke ya zama bakin mahaifa, shi kuma ya leƙo cikin farji. Ƙofar fitsari daban take, tana sama da ƙofar farji, fitsari da jinin al'ada ba hanya ɗaya suke bi ba, na faɗi wannan ne don na sha haɗuwa da amare da basu sani ba kuma ba laifinsu bane, ba wanda ya zaunar dasu.

To me yake faruwa duk wata? A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, shi yake sakin wasu sinadarai da ake kira homon cikin jini. Na farko FSH, shi yake tada wasu ƙwai su fara girma, ɗaya ya fi sauran ya cigaba, yana girma yana fitar da wani homon mai suna istirojin, istirojin ɗin kuma yana sa bangon mahaifa yayi kauri ya tara jini kamar ana gyara shimfiɗa za a yi baƙo. Idan ƙwan ya nuna sai homon na biyu wato LH ya tashi sama lokaci guda, bayan awa 24 zuwa 36 'yar jakar da ƙwan yake ciki ta fashe ya fito bututu ya karɓe shi. Gurbin da ya bari sai ya koma fitar da wani homon, furojestaron, mai riƙe shimfiɗar nan. In an samu haɗuwa, ɗan tayin zai gangaro a hankali ya manne a bangon mahaifa bayan kamar kwana 6 zuwa 10. In ba a samu ba homon ɗin ya sauka, shimfiɗar ta warware ta zubo, shine jinin al'ada. Kinga kenan ba wani dattin jiki bane yake fita, shimfiɗa ce da ba a yi amfani da ita ba.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Ƙwai idan ya fito awa 12 zuwa 24 kawai yake yi da rai. Ƙwayar maniyyi kuwa tana iya kai kwana 5 a jikin mace tana jira in ta samu yanayi mai kyau. Idan kika haɗa, kwanakin da ciki zai iya shiga a wata guda 6 ne, kwana 5 kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa, kuma mafi ƙarfinsu kwana biyun da suke gab da fitar ƙwan da kuma ranar fitar kanta. Don haka gara maniyyi ya riga ƙwai isa wurin ya jira shi, in kika bari sai ƙwan ya fita da kwana biyu to motar ta tashi.

Yanzu aikin. Ki samu ɗan littafi ko kalandar bango ko ta waya, duk wanda bazaki yar ba. Ranar da kika ga jini sosai, ba ɗan ɗigo ruwan ƙasa-ƙasa ba, ita ce rana ta 1. Ki cigaba da ƙirga har ranar da take kafin wata al'adar ta zo, adadin da kika samu shine tsawon zagayenki. Misali ta zo miki 3 ga Maris ta sake zuwa 1 ga Afrilu, zagayenki kwana 29 ne. A nan mata da yawa suke kuskure, sai su fara ƙirga daga ranar wankan tsarki saboda ita muka saba riƙewa, to a wannan lissafin ranar farkon jini ake bi. Zagaye daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace, jinin kuma kwana 2 zuwa 7, kar ki tada hankalinki don naki bai zama 28 cif ba.

Sai ki cire 14 daga tsawon zagayen. Dalili shine tsakanin fitar ƙwai da zuwan al'ada ta gaba kusan kwana 14 ne a yawancin mata, wannan ɓangaren baya yawan canzawa, ɓangaren farko ne yake tsawo ko ya gajarce. Mai zagayen 28 ƙwanta wajen rana ta 14, kwanakinta masu albarka 9 zuwa 14. Mai 32 wajen rana ta 18, kwanakinta 13 zuwa 18. Mai 24 kuwa wajen rana ta 10, kenan kwanakinta suna farawa tun daga rana ta 5, ita wannan da ta samu tsarki ba ta da lokacin ɓatawa. Ƙanwar mijin nan tawa da muka zauna muka bi ranakun da take tunawa sai ga zagayenta 33, ƙwanta yana fita wajen rana ta 19, ita kuma duk hankalinta yana kan rana ta 6 da ta 7, mijinta direban babbar mota ne sai ta matsa masa ya dawo a ranakun, yayi kwana uku ya koma hanya. Shekara biyu ana wannan.

In zagayenki yana ɗan motsi, wata 27 wata 31, ki rubuta na wata 6 tukuna. Ki ɗauki mafi gajarta ki cire 18, ki ɗauki mafi tsawo ki cire 11. Wato 27 a cire 18 saura 9, 31 a cire 11 saura 20, kwanakinki suna tsakanin rana ta 9 da ta 20. Wannan lissafin ya samo asali ne daga aikin likitoci biyu, Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Ostiriya, tun wajen shekarun 1920. Akwai kuma wata sarƙa mai duwatsu 32 kamar carbi da jami'ar Georgetown ta Amurka ta fito da ita, ana samunta a wasu asibitocin tazarar haihuwa, fararen duwatsun su ne rana ta 8 zuwa 19, amma sai mai zagayen 26 zuwa 32 take yiwa aiki.

Ni dai a ganina kalanda kaɗai bata isa ba, domin zazzaɓi, tafiya, tashin hankali ko rama suna iya tura fitar ƙwai gaba. Alamar da na fi yarda da ita tana jikinki kuma kyauta ce, wato ruwan da bakin mahaifa yake fitarwa. Bayan tsarki zaki ji gaban a bushe na 'yan kwanaki, sai wani farin ruwa mai ɗan kauri da danƙo ya fara zuwa, sai kuma ya canza ya zama garau mai santsi, in kika ɗauka tsakanin babban yatsa da manuni zai ja ya miƙe bai tsinke ba, kamar farin ɗanyen ƙwai ko yauƙin ɗanyar kuɓewa. Wannan ruwan shine hanyar da maniyyi yake iyo a ciki, shi yake ciyar da shi ya raya shi kwanaki. Ranar ƙarshe da kika ga mai yauƙin nan, to ƙwai yana fita a ranar ko gab da ita. Ki duba kullum idan kin shiga bayi kafin kiyi tsarki, hannu a wanke, ki rubuta kalma ɗaya a littafinki, bushe, danƙo, ko yauƙi. Wata biyu uku zaki ga tsarin jikinki ya fito fili. Abin da yake bani tausayi shine mata da yawa da sun ga wannan ruwan sai suce sanyi ne ya kama su, su tafi neman matsi da turare da allura, suna yaƙi da abin da zai kawo musu cikin da suke nema. Ruwan cuta daban yake, yana zuwa da ƙaiƙayi ko wari ko zafin fitsari, ko ya zama kore ko rawaya, ko yayi gudaji kamar dagargajajjen awara. Shi wannan asibiti ake kaiwa, kuma sau da yawa da miji ake haɗawa a maganin.

In kina da hali akwai ɗan tsinken gwajin fitsari na fitar ƙwai a manyan kemis, kamanninsa ɗaya da na gwajin ciki amma LH yake nema, ki karanta kwalin da kyau kar a baki na ciki. Ki cire 17 daga tsawon zagayenki ki fara a wannan ranar, kullum lokaci ɗaya da rana ko yamma, kar ki cika shan ruwa kafin gwajin. Sai layi na biyu yayi duhu kamar na farko ko ya fi shi sannan ake cewa ya nuna, in ya nuna to daren nan da gobe ne. Wasu matan kuma suna jin ɗan tsunkuli a gefe ɗaya na mara, wasu sha'awa takan ƙaru. Awon zafin jiki da asuba ma hanya ce, yakan ɗan hau da kamar rabin digiri ko ƙasa da haka, sai dai bayan ƙwan ya fita yake hawa, ga maleriya da zafin gari, ban cika ba mutane shawarar su dogara da shi ba.

Sau nawa za a kusanci juna? A kwanakin nan 6 kullum ko a tsallake kwana ɗaya, ya wadatar. Wanda lissafi yake ɗaga masa hankali ya bar lissafin, duk bayan kwana 2 ko 3 tun daga tsarki har wata ya zagayo, ba yadda za a yi a kuskure. Ba sai maigida ya ƙaurace sati biyu wai yana tara ƙarfi ba, maniyyin da ya daɗe a ajiye motsinsa raguwa yake. Sannan maganar nan da nake yawan ji, Anti ni da mun gama sai ya zubo shi yasa bana ɗauka, a'a, kowace mace haka take, maniyyi yana fita da kauri sai ya tsinke cikin minti 15 zuwa 30, ruwan ya dawo waje, ƙwayoyin masu ƙarfi kuwa tuni sun wuce bakin mahaifa. Ki daina cusa komai a gaba, ko sabulu ko gishiri ko alif ko haɗin matsi, wurin yana wanke kansa, waje kawai ake wankewa da ruwa.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu wanda ban taɓa jin an yi bayaninsa a wurin awo ba, rabon kwana. Gidan mata biyu da ake kwana bibbiyu ba matsala, dole girkinki ya faɗo cikin kwanaki shidan nan. Amma gidan mata huɗu, kina da dare 2 sai ki jira dare 6, kwanakinki masu albarka suna iya faɗawa cikin jiran nan gaba ɗaya, ko ki samu gefensu kawai. Wannan ba asiri bane ba kuma hannun kishiya bane, lissafi ne. In zaman gidan da fahimta, maigida ya nemi yardar mai girkin a yi musayar kwana a rama mata. Haka masu miji a Legas ko Fatakwal ko ɗan ci-rani, a daidaita dawowarsa da littafin, ba da ƙarshen wata ba.

Yanzu Malam maigida, dan Allah ka tsaya ka karanta nan, naka ne. 'Ya'yan maraina guda biyu su ne masana'antar, su suke ƙera ƙwayoyin maniyyi miliyoyi kullum tun daga balaga, su kuma suke fitar da testostaron mai kawo gemu da murya da sha'awa. Allah Ya rataye su a waje ne domin aikin yana son sanyi, sai wurin ya gaza zafin jiki da digiri 2 zuwa 3, shi yasa jakar take tattarewa da hunturu ta saki da bazara. A bayan kowanne akwai wani siririn bututu a nannaɗe wanda in za a warware shi zai kai mita 6, a nan ƙwayoyin suke zama su koyi iyo. Daga nan wata jijiya ta ɗauke su ta hau cikin mara ta zagaya bayan mafitsara, su haɗu da ruwan wasu jakunkuna biyu mai sukari wanda shine kusan kashi biyu cikin uku na maniyyi, sai furostet da take ƙarƙashin mafitsara, girmanta kamar goro, ta ƙara nata ruwan, sannan duka su fito ta hanyar da fitsari yake bi a azzakari. Maziyyi kuma da muka sani a babin tsarki wasu ƙananan ƙullutai ne daban suke fitar da shi don share hanya, kuma yana iya ɗauko ƙwayoyin haihuwa a cikinsa.

Abin lura, ƙwayoyin kansu basu kai kashi 5 cikin 100 na ruwan da kake gani ba, kuma ido baya ganinsu, sai a 1677 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya fara bayyana su da madubin ƙara girma. Ma'ana namiji yana iya zama da cikakken ƙarfi, ruwa mai yawa mai kauri, amma ba ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Kuma samun 'ya'ya shekara goma da suka wuce baya nuna yau lafiya lau, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe hanyar, hangum in ya kama namiji bayan balaga yana iya sauka maraina, tsargiya da yaranmu suke ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa tana taɓa kayan haihuwar namiji da na mace, ga kumburin jijiyoyin maraina da yafi zuwa ta hagu wanda in ka taɓa zaka ji kamar tsutsotsi a jaka. Sigari, wiwi, tiramadol, ƙiba, ciwon suga duk suna rage shi. Allurar testostaron da wasu samari suke yi don ƙirar jiki ko ƙarin kuzari ita kam tana iya tsayar da ƙera maniyyin ɗungurungum. Zaman awanni a kan injin mota mai zafi da matsattsen wando ma basa taimakawa. Daga fara ƙera ƙwaya zuwa fitowarta kusan wata 3 ne, don haka in ka gyara wani abu yau ko kayi zazzaɓi mai zafi, sai bayan wata uku za a ga sakamakon.

Sannan maganar mace mai haihuwar mata zalla. Ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi, maniyyi ne wani X wani Y, in mai Y ya riga shiga namiji, in mai X ne mace. Ba matar ce take zaɓa ba, kai ma baka zaɓa, rabo ne daga Allah, amma ta jikinka yake biyowa. Na ga an ƙaro aure saboda wannan, na ga an yi saki, raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna.

Gwajin maniyyi shine mafi sauƙi da arha a duk gwajin haihuwa, ba allura ba tiyata. Zaka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, lab su baka kwalba mai tsabta, duka ake tarawa musamman na farkon fita don shi yafi ƙwayoyi, ba a amfani da kororon roba na kasuwa ko sabulu ko man shafawa. In a gida aka tara a saka kwalbar a aljihun da yake jikin fata a kai cikin awa ɗaya, kar a sa a firij kar a bari a rana. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙasan iyaka a ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 masu motsi, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. In naka ya gaza haka kar ka karaya, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, ana maimaitawa, kuma da yawa daga matsalolin suna da magani. Hukumar ta kuma ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. To don me za a bar mace ita kaɗai tana zaga asibiti da gidan masu magani?

Lokacin zuwa asibiti shine bayan shekara 1 ana tare ba tsari ba ciki, in matar ta kai 35 wata 6 kawai za a jira. Amma kar ki jira ko kaɗan in al'adarki tana tsallake wata biyu uku, ko zagayen ya gaza 21 ko ya wuce 35 kullum, ko jini yana zuba har kina canza audugar mata duk awa, ko ciwon mara mai kwantarwa, ko nono yana ɗigon ruwa ba kya shayarwa, ko gashi yana fito miki a haɓa tare da ƙiba da ƙuraje wanda yakan zama alamar PCOS, wato rikicewar homon da take hana ƙwai fita a kan lokaci. Likitan mata zai yi sikanin ya duba ƙari a mahaifa da gidan ƙwai, ya auna homon a jini, sannan akwai hoton bututu da ake kira HSG da ake yi bayan tsarki kafin fitar ƙwai don a ga ko hanya a buɗe take. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri duk suna da sashen mata da haihuwa, 'yan uwanmu na Nijar kuma akwai Issaka Gazobi a Yamai. Maganin nan Clomid da ake saya a kemis kamar alewa, ƙwai kawai yake tunzurawa, in bututu a toshe yake ko matsalar daga maniyyi take ko kwali goma kika sha ba abin da zai yi, kuma yana iya kumbura gidan ƙwai, sai da likita. Abin da zaki iya fara sha da kanki tun kafin ciki shine folik asid, maikrogiram 400 kullum, yana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa. In kuma al'ada ta tsallake, gwaji ya nuna ciki, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini ko jiri, ki tafi asibiti a daren ko ƙarfe nawa ne, cikin yana iya zama a bututu kuma in ya fashe yana kisa.

Masu son amfani da lissafin nan don hutun haihuwa, yana aiki in an kiyaye sosai amma yana yawan ba da mamaki, musamman ga mai shayarwa da wadda zagayenta baya tsayawa wuri ɗaya, ƙwai yana iya fita kafin ma al'adar farko ta dawo bayan haihuwa. Gara ku je sashen tazarar haihuwa ku biyu a nuna muku zaɓin da ake da shi.

Ita ƙanwar tawa na karɓe kwalin maganin, na yago mata shafi huɗu daga littafin makarantar yarana muka ja layi, kwanan wata a hagu, jini ko bushe ko danƙo ko yauƙi a dama. Yayanta kuma ya kira mijin suka yi magana ta maza a soro, da ƙyar da siɗin goshi ya yarda zai je lab in ya sauke kaya a Kano. Jiya ta turo min hoton shafin a WhatsApp, ta rubuta yauƙi a rana ta 17 da ta 18 ta ja layi biyu a ƙasa, tace Anti ya kusa shigowa gari, yana Kwanar Ɗangora.